Jiniya a Ɗakin Jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Arlit sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba. Ni dai gara in ba ku labarin da bakina, don in kuka ji shi a majalisa, sai an ƙara masa ƙafa da wutsiya.

Shekara goma sha tara na yi a ramin ma'adini, a sashen kiyaye haɗari. Ni ne mutumin nan mai hular kwano da usur a wuya, wanda ma'aikata ke hangowa daga nesa su fara laluben safar hannu. Aikinmu yana da doka guda wadda ta fi duk sauran: in ka ji jiniya doguwa, wadda ba ta yankewa, to wani abu ya ɓaci. Ka ajiye duk abin da ke hannunka, ko cokali ne a kan hanyarsa ta zuwa baki, ka fita, ka nufi wurin taruwa. A can shef, wato shugaban sashe, zai ɗauki takardar sunaye ya kira kowa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mai komawa ciki sai ya ce a koma. Ni ne shef ɗin. Na koyar da wannan doka, na gwada ta, na sake gwada ta, har ta kai ƙafafuna suna riga kunnena jin jiniya.

Da aiki ya ja baya aka rage mu, sai na wayi gari a gida, ba wanda zan yi wa tsawa sai kaji. Wata uku ina bin Hadiza, matata, ina gaya mata inda ya kamata ta ajiye tukunyar gas. Ana nan sai na ji jami'a a Agadas tana ɗaukar masu karatun mastar kan kula da muhalli a wuraren haƙar ma'adini. Na ce to, ga ƙofa. Ramukan da muka haƙa dole wata rana a nemi masu gyara su, kuma ba za a nemi mai usur ba, mai takarda za a nema. Ina da lisans, wato digirin farko, tun zamanin da nake da gashi a ka. Sai dai shiga sai da konkur, wato jarrabawar zaɓe, kuma dole a cikin dosiyenka, takardunka na neman shiga, a ga wasiƙar wani malamin jami'a da ya shaide ka. Malamaina kuwa, waɗanda ba su rasu ba sun manta sunan ƴaƴansu, balle nawa.

Da na gaya wa Hadiza, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Baban Nana, kai da in za ka karanta takardar magani sai ka miƙa hannu har bakin ƙofa?"

"Wannan matsalar tabarau ce, ba ta ƙwaƙwalwa ba."

"To Allah ya ba da sa'a. Tafi. Ko banza tukunyata ta huta."

A majalisar shayi kuwa, abokina Agali, wanda ya yi shekaru yana tuƙa manyan motocin rami, ya yi dariya har rawaninsa ya zame. "Shef, kai da ƴan makaranta benci ɗaya? In malam ya tambaye ka ba ka sani ba, usur za ka hura masa?" Na ce ya jira ya gani. (Kada ku taɓa gaya wa Agali ya jira ya gani. Yana jira, kuma yana gani.)

Na bi hanyar Agadas, wadda duk wanda ya san ta ya san sai ka sauka ka ƙirga haƙoranka. Na sauka gidan ƙanin Hadiza, washegari da sassafe na nufi jami'a da sabon kaye na rubutu da alƙalamin bik uku a aljihu.

Jama'a, ashe duniya ta wuce ni! A zamaninmu littafi ɗaya ne a ɗakin karatu, mu ɗari muna layi a kansa kamar famfo. Yanzu kuwa sun ware sashe guda don masu shirin konkur, har da waɗanda suka zo daga waje irina. Ga kanta cike da tsofaffin tambayoyi, an ɗinke na kowace shekara daban. Ga ɗakin kwamfuta. Ga wani ƙaramin biro, wato ofis, da ake duba maka dosiye a gaya maka abin da ya rage tun kafin ka kai. Ga ɗalibai gungu-gungu a gindin itatuwa suna bita. Duk Asabar wani Farfesa yana ba da darasi kyauta. A ƙarshe kuma ana yin jarrabawar gwaji sau ɗaya, kuma wanda ya yi ƙoƙari a cikinta Farfesa zai rubuta masa wasiƙar nan da nake nema. Da na ji wannan na kusa rungumar allon sanarwa.

Mai kula da sashen wata mata ce, Madam Fati, doguwa, marar son wasa. Ta ɗago ta dube ni.

"Alhaji, yaronka ne zai yi konkur? Ka ce ya zo da kansa."

"Madam, ni ne yaron."

Ta daɗe tana kallon furfurata, sannan ta miƙo mini kati. Daga ranar na zama Tonton, wato Kawu, ga kowa da kowa a wurin.

Mako biyar na yi, kuma wallahi rabon da in ji daɗin rayuwa haka tun ina ango. Ni ke fara shiga ɗakin karatu, ni ake kora in za a rufe. Na cinye tsofaffin tambayoyi kamar fara ta sauka a gona. A ɗakin kwamfuta da yatsa ɗaya nake bugawa, amma da ƙarfin da sai na kusa da ni ya ja kujerarsa gefe. Inda na gane girmana shi ne ƙididdiga. In aka zo lissafin nan mai ƙananan haruffa a saman manya, sai in ji kaina ya yi zafi kamar injin da ruwa ya ƙare masa. Wata ɗaliba, Zainabu, wadda ke jagorantar gungunmu na bita, ita ta ɗauke ni aiki. Sa'ar ƴata Nana ce, amma in ta ce, "Tonton, sake daga farko," sai in sake ba musu. Ni kuma ina biyan su da labaran rami, waɗanda rabinsu gaskiya ne.

Kullum da yamma sai na buga wa Agali waya, shi kuma ya buɗe murya don majalisa ta ji. Na gaya musu Farfesa da kansa yana neman shawarata. (Sau ɗaya ya tambaye ni ƙarfe nawa.) Na gaya musu wasiƙar tana aljihuna, tawada kawai ake jira ta bushe. Kafin ranar gwaji, rabin unguwarmu ta Akokan sun san ni ne zan zo na ɗaya.

Ranar ta zo. Tun safe aka ɗauke wuta, babban ɗakin jarrabawa ya yi ɗumi. Mu sittin da uku ne. Na zaɓi benci na can baya kusa da taga, Zainabu a gefena. Farfesa, wani ɗan dattijo siriri mai sanyin murya, ya zauna a kan kujera gaba da gorar ruwansa. Madam Fati ta miƙe da takarda a hannu ɗaya, lasifikar hannu a ɗayan, ta fara karanta sanarwa. A daidai lokacin ni kuma na kai tsakiyar labarin raƙumin da ya taɓa shigo mana rami ya ƙi fita, kuma benci biyu suna saurare na.

Zainabu ta taɓa ni. "Tonton, ana sanarwa."

"Bar ta, ƴata. Sanarwar jarrabawa ɗaya ce tun kafin a haife ki: kada a leƙa takardar wani. Ina muka tsaya? Yauwa, sai raƙumin nan ya durƙusa a gaban katafila…"

Aka raba takardu. Na juya tawa da bismillah, na karanta babbar tambaya, sai na ji kamar an ce mini ga kujerar Makka. An ce a bayyana yadda za a kare ma'aikata da mutanen gari daga ƙurar tsibin dutsen da aka gama tacewa. Ni! Ni da na yi shekara goma sha tara ina kallon tsibin nan, na san inda iska ke bugunsa da safe da inda take komawa da la'asar! Ƙididdiga kuwa ƴar tambaya ɗaya ce a ƙasa, tana raɓe kamar baƙuwa. Na cire hula, na naɗe hannun riga, na faɗa wa takarda. Bik na farko ya mutu a shafi na huɗu. Sau uku ina ɗaga hannu a ƙaro mini takarda, har Madam Fati ta fara kallona da ɗan girmamawa. A raina har na fara tsara yadda zan sauka a tashar Arlit, da wace riga, da kuma yadda zan yi kamar ban ga Agali ba.

Ina tsakiyar shafi na tara, sai na ji ta.

Wiiiiiiuuuuu. Doguwa. Ba yankewa.

Ba zan ce muku na yi tunani ba, don ban yi ba. Abin da na sani kawai shi ne na gan ni tsaye a kan benci, usur ɗin da ke maƙale a makullaina yana bakina, na hura shi har tagogi suka amsa.

"Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa! Waje! Ba gudu, ba turereniya! Na dama ƙofar dama, na hagu ƙofar hagu! Kai mai jar riga, bar jakar nan, ranka ya fi ta!"

Ku yi wa yaran nan adalci. Ga jiniya, ga ƙaton mutum mai furfura a kan benci yana ba da umarni da muryar da ta saba ratsa ƙarar injuna. Wa zai tsaya tambaya? Suka miƙe gaba ɗaya, suka bi layi, tsaf, kamar na shekara ina horar da su. Har na ji wani alfahari ya taso mini.

Na diro na nufi gaba. Madam Fati ta tare ni, lasifika a bakinta: "Tonton, tsaya, ai…"

"Madalla, Madam, ita nake nema!" Na karɓe lasifikar daga hannunta, na tura ta cikin layi, na ci gaba da ba da umarni da ita.

Saura Farfesa. Yana zaune yana kallona ta saman tabarau.

"Malam, me ke faruwa ne?"

"Ranka ya daɗe, ba lokacin tambaya ba ne!"

A nan ne riwayoyi suka rabu. Ni na ce hannunsa na kama cikin ladabi na taimaka masa ya tashi. Shaidu sittin da biyu sun ce sungumar sa na yi kamar buhun gero na saɓa a kafaɗa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ya iso waje da takalmi ƙafa ɗaya. Da ɗayan hannun na zari takardar sunaye daga kan tebur, na leƙa ƙarƙashin bencina ko wani ya suma, na ja ƙofa na rufe.

Na tara su a gindin wani babban itacen dogon yaro, nesa da gini yadda doka ta ce. Na duba agogo: minti biyu ba su cika ba. Ko a rami ban taɓa samun irin wannan ba. Mutane suka fara fitowa daga wasu gine-gine suna hange, mai gadi ya rugo da bokitin yashi. Ni kuwa na hau kan wani dutse na shiga kiran suna da lasifika, ɗaya bayan ɗaya, har sittin da uku, na kira nawa na amsa da kaina.

"Madam Fati?"

Ta harare ni. Tana tsaye a gabana ta harɗe hannu.

"An gan ki. Farfesa?"

"Ina nan," in ji shi, yana tsaye a ƙafa ɗaya saboda zafin yashi.

"Alhamdulillahi, kowa ya fito lafiya. To yanzu, wa ya kunna jiniya? Ina abin ya faru?"

Madam Fati ta matso. Ta miƙo hannu, ta karɓi lasifikarta, ta juya ta yadda zan gani da kyau, ta danna wani ɗan jan maɓalli a jikinta.

Wiiiiiiuuuuu.

"Saura minti talatin, Tonton. Abin da take nufi ke nan. Ba wuta, ƙararrawa ba ta aiki. Sau biyu na faɗa kafin a raba takardu."

Na sha ganin rami mai zurfi a rayuwata, amma ban taɓa sha'awar ɗaya ya buɗe a ƙarƙashina ba sai ranar. Ina tsaye a kan dutse, takarda a hannu ɗaya, usur a ɗayan. Ban ma san yadda ake sauka daga dutse ba.

Sai a lokacin kunnena ya buɗe na ji abin da ke gudana a gindin itacen. Duk tsawon kiran sunan nan, ƴan albarka ba su zauna banza ba. "Kai me ka samu a ta uku?" "A'a, ba haka ba ne, raba za ka yi." Amsoshi sun zaga wurin sau biyu sun dawo. Farfesa ma ya ji. Ya gyara tabarau ya ce, da muryar nan tasa mai sanyi, "An soke wannan jarrabawa."

Wani ɗalibi da ya taso tun daga garin Tawa ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Zainabu ta matso kusa da ni, idonta ya yi ja. "Shafi bakwai na rubuta, Tonton. Bakwai." Wannan ɓangaren ko yanzu ba ya ba ni dariya.

Ban kai masauki ba wayata ta fara kuka. Ashe wani ya ɗauki bidiyo ta taga. Agali ne, kuma ina jin ƙarar kofunan shayi da numfashin mutum goma a bayansa.

"Shef, barka da arziki. An samu wanda ya ji rauni?"

"Babu."

"Alhamdulillahi. Mun ga ka ceto wani tsoho. Wuta ce ko ambaliya?"

Na kashe waya. Na haɗa kayana, na yanke shawarar motar safe ta gan ni. Wane Farfesa ne zai rubuta wa mutumin da ya saɓa shi a kafaɗa wasiƙa? Na kira Hadiza na gaya mata ina tafe.

"Na gani," ta ce. "Har maƙwabta sun shigo mun gani tare. Baban Nana, saurara. In ka dawo ba wasiƙa, shekara goma za a yi ana cin namanka a garin nan. In ka dawo da ita, shekara ɗaya ce. Kai ne mai karatun lissafi."

Na kwance jaka.

Ranar Litinin na je biron Farfesa, na durƙusa tun daga ƙofa. Ya bar ni na gama ba da haƙuri kaf, har na fara maimaitawa, sannan ya ce in zauna.

"Shekara talatin ina koyarwa," ya ce, "ban taɓa ganin ɗalibai sittin sun bar ɗaki cikin minti biyu ba, ko don abinci. A ina ka koyi wannan?"

Na gaya masa. Ya saurara, ya yi ta tambaya kan rami, ya kusa awa yana tambaya. Sannan ya jawo takarduna daga aljihun tebur. "Na karanta shafi taranka. Ba wanda ya kama ƙafarka a wannan tambayar. Amma na soke, kuma ta soku. Asabar mai zuwa za a sake, da sababbin tambayoyi. Za ka tsaya a gaban kowa ka nemi afuwa. Za ka zauna a benci na farko. Usur kuma ka damƙa wa Madam Fati a bakin ƙofa."

Haka aka yi. Na tsaya gaban mutum sittin da biyu na ba da haƙuri, wasu suka yi dariya, wasu suka ƙi. Aka raba takardu, na juya tawa: ƙididdiga daga sama har ƙasa. Ko ƙwayar ƙura ɗaya babu. Na yi gumi har takarda ta jiƙe, na rubuta abin da Zainabu ta cusa mini, na bar wa Allah sauran. Da sakamako ya fito, ita ce ta biyu. Ni kuwa sai da na gangara da yatsa har na fara sunkuyawa kafin na ga sunana.

Na fid da rai. Amma bayan kwana biyu Madam Fati ta miƙo mini ambulan a buɗe, ba ta ko dube ni ba. Wasiƙun sauran shafi guda-guda ne cike da yabo. Tawa layi uku ce. Farfesa ya rubuta cewa wannan ɗan takara lissafinsa yana buƙatar taimako, amma ya san aikin ma'adini da hannunsa fiye da yadda littafi ya san shi, kuma in gini ya kama da wuta, shi Farfesa yana fatan a ce suna ɗaki ɗaya.

Da ita na cika dosiye, na shiga konkur, na ci. Sunana ne na ƙarshe a jerin, amma a cikin jerin yake, kuma na sa an ɗauke ni hoto da yatsana a kai. Yanzu haka ina aji da yaran nan. Ɗan Tawa har yau da ka yake amsa gaisuwata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. A rami, kowace safiya kafin a fara aiki, ni ke tsayawa in yi bayanin minti biyar, kuma ban san iyakar mutanen da na kora gida ba saboda na kama su suna hira ina magana. Ashe ban taɓa zama a ɓangaren masu saurare ba, ban san daɗin hirar ba sai da na ɗanɗana. Yanzu in wani ya miƙe da takarda a hannu ya ce "sanarwa", ko ta ɓatan akuya ce, nakan rufe bakina ruf, in saurara har ya kai ƙarshe, in kuma ɗaga hannu in tambayi launin akuyar.